Na je neman Melba Liston a rumfar masu turi

Jikata ce ta kai ni wurin, jika 4 kuma na baro a can. Mai sauri ya ji labarin ke nan. Wanda ba ya sauri ya gyara zama, don abin da na je nema ba irin wanda aka saba tambayarsu ba ne, kuma a nan ne ake gane mai sana'a.

Rumfar tana gefen babbar kasuwa, kusa da inda ƴan kabukabu ke jeruwa. Ba ta da allo balle suna. Kwano ne aka kafa, da farantin sola ɗaya a sama, da dogon tebur cike da wayoyin mutane da ake caji, kowace an manna mata ƴar takarda mai lamba. A lungu akwai kwamfuta mai tsagaggen gilashi, a gabanta wani saurayi da bai wuce shekara 22 ba. Shi ne mai turin. Maigidan rumfar yana daga baya a kan benci, ba ya taɓa kwamfuta, aljihun tebur kawai yake tsaro.

Sai na faɗi abin da ya kai tsoho irina can. A shekarun 1980, ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye a hanyar Dakoro, dare ba shi da abokin hira sai rediyo. A gajeren zango nake kamo shirin jaz na Muryar Amurka, wanda Willis Conover ke gabatarwa da muryarsa mai nauyi, yana magana a hankali kamar mai ƙirga kuɗi. Ba na jin Ingilishi a lokacin, Faransanci aka koya mana, amma kiɗan bai nemi tafinta ba. Wani Ba'amurke mai aikin sa-kai da ke garin ya ga ina so, da zai koma gida ya bar mini kaset ɗaya, Uhuru Afrika na Randy Weston. A takardar kaset ɗin ya rubuta sunayen makaɗan da bik, a can ƙasa ya ja layi a ƙarƙashin sunan wanda ya tsara kiɗan: Melba Liston. Na fi shekara 10 ina zaton namiji ne. Kaset ɗin kuwa, da ƴan uwansa da na tara daga baya, gara ta cinye kwalinsu a ɗakin ajiya, zafin bazara kuma ya manne zaren. Bara na buɗe na tarar da abin tausayi.

To, muka isa. Yaron ya cire abin kunne, ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci hakkinsa ba.

"Baba, mi za a saka maka? Karatu, ko wa'azi, ko na kokowa?"

Jikata ta yi dariya ta ce, "Angon nawa ba nan ya nufa ba, ba shi takardar, Kaka."

Na miƙa masa. Ya buga sunan harafi bayan harafi, ya jira intanet ta yi abin da za ta yi, sannan ya juyo da kwamfutar ya nuna mini hoton wata baƙar mace riƙe da dogon ƙarfe.

"Ga ta nan. Amma faifai guda gare ta hwa, Baba. Dala 50 ne, yanzu ka tahi da shi."

Bai yi ƙarya ba. Faifai ɗaya tak ta fitar da sunanta ita kaɗai a goshi, wanda aka ɗauka a watan Disamba na 1958, inda ta tara gwanayen torombon, wato dogon ƙarfen busan nan, irin su Al Grey da Slide Hampton suka yi ta musayar busa. Da na karɓa na tafi, da ya sallami mutum cikin minti 5, ni kuma da na koma gida da ƙasa da rubu'in abin da matar ta yi a duniya. Na ce masa sauran aikinta yana nan, sai dai a ƙarƙashin sunayen maza yake. Ya dube ni, ya dubi layin da ke bayana, ya jawo mini kujerar roba. Wannan jawo kujerar shi ne abu na farko da zan yaba.

Ya fara da tambayar abin da take busawa, ya ce shi kakaki yake gani an lanƙwasa. Bai yi nisa da gaskiya ba. Kakakin da ake busa wa Sarki a fada miƙaƙƙe ne, muryoyinsa ƴan kaɗan ne, shi ya sa yake kirari ba ya waƙa. Torombon bututu ne mai tsawon kusan mita 2.7 da aka naɗe, aka yi masa wani sashe mai zamewa da ake turawa ana jawowa da hannun dama. Idan ka tura, bututun ya ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. Mazauni 7 gare shi, kuma ba wanda aka yi wa alama. Kunne da tsokar hannu ne ke sanin inda za a tsaya. Duk wanda ya ga ƴan badujala a faretin 18 ga Disamba, musamman shekarar Maradi Kolliya, ya ga masu wannan tura-jawo a sahu. Melba tana da shekara 7 ta zaɓe shi, a Kansas City inda aka haife ta ranar 13 ga Janairun 1926, lokacin da hannun yarinya bai ma isa mazauni na ƙarshe ba. Tana shekara 8 har ta busa a gidan rediyon garinsu. A nan wurinmu ban taɓa ganin mace da kakaki a baki ba, kuma kada mu ɗauka can ma tafa mata aka yi.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne ɗaya aikin nata. Babbar ƙungiyar jaz takan kai mutum 16 ko 17: masu sakso 5, masu toromfet 4, masu torombon 4, sai piyano da bas da ganguna. In kowa ya busa son ransa, kasuwar Juma'a ce. Dole wani ya zauna da takarda ya rubuta wa kowane ɗaya abin da zai busa, inda zai shiga, inda zai yi shiru, wanda zai hau sama da wanda zai riƙe ƙasa. Na rasa yadda zan sa yaron ya gane, sai na nuna masa telan da ke tsallaken hanya. Na ce in an ga babbar riga ta zauna a jikin mutum, mai aikin wuya ake yabo, shi ake tambayar sunansa. Wanda ya auna ya yanka yadin ba wanda ke tuna shi, alhali in ya karkace almakashi ba surfanin da zai ceci rigar. Ya ce, "Ita ce mai yanka ke nan." Na ce ita ce, kuma tana cikin masu ɗinkin.

Daga nan na riƙa kiran suna da shekara yana nema. Dexter Gordon, 1947: abokinta ne tun suna yara a Los Angeles, inda suka koma da mahaifiyarta a 1937, kuma a wannan ɗaukar akwai Mischievous Lady, inda ake jin busarta a fili tana ƴar shekara 21. Kafin nan ta riga ta yi shekaru a ƙungiyar Gerald Wilson, a can ta goge a rubutun kiɗa. Sai Dizzy Gillespie, 1956, shekarar da gwamnatin Amurka ta tura ƙungiyarsa yawon nuna al'ada zuwa Iran, Pakistan, Labanan, Siriya, Turkiyya, Yugoslabiya da Girka, daga baya Kudancin Amurka. Sai Quincy Jones. Sai Randy Weston, shi kam ba sau ɗaya ba. Yaron ya cika bayan takardata da rubutu, ya ce in dawo gobe.

Goben tasa kwana 3 ta yi. Ranar farko kuran ya ɗauke, solar kuma wayoyin mutane take ci. Rana ta biyu intanet ce ta ƙi. Ban zarge shi a kan waɗannan ba, amma ina da lambarsa yana da tawa, kira ɗaya da ya hutar da ni kuɗin kabukabu zuwa da dawowa sau biyu. Wannan sakaci ne, na kuma faɗa masa a gaban maigidansa.

Rana ta uku na karɓi kati, wai mai giga 32, jika 3, turi kuma jika 1. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zura shi a ƴar rediyota mai cin kati. Abu na farko da ya fito muryar wata mata ce tana rera waƙar soyayya da jita. Wata Melba ce daban, suna ne ya zo ɗaya ya kwaso ta. Na wuce. Na gaba na Weston ne na 1993, na bayansa na 1947, duk an cakuɗa kamar gero da tsakuwa. Sautin kuwa, inda ya kamata torombon 4 su taso tare su cika ƙirji, sai na ji kamar sauro a cikin gwangwani. Na daure har wajen lamba 20, daga nan rediyon ya fara tsalle, lamba na wucewa ba sauti. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, jika 4 ɗin ke nan?" Ban tanka ba.

Da safe na koma da shirin faɗa. A nan ne yaron ya saye ni. Bai ce rediyona ne ba shi da kyau ba, abin da kowa ke fara cewa. Ya zura katin a kwamfuta, ya yi ƴan danne-danne, ya girgiza kai.

"Katin ga na jabu ne, Baba. Talatin da biyu aka rubuta, cikinshi bai kai ba. In ya cika sai ya dinga cinye abin da aka zuba. A sari aka haɗo mu da su."

Ya buɗe wani sabo a gabana, ya cika shi da finafinai har baki, ya buɗe na ƙarshe ya ga yana yi, sannan ya goge ya ce wannan na gaske ne. Maigidan ya yi ƙunƙuni daga kan benci cewa kaya in ya fita ya fita. Yaron bai ko waiwaya ba. Ban ƙara ko dala ba. Duk mai sayen kati a kasuwar nan, a wannan rumfa ko wata, ya sa a yi masa wannan gwajin kafin ya miƙa kuɗi. Minti 15 ne, kuma ya fi dawowa.

Batun sauti ma ya amsa laifinsa. Ya ce ƙananan fayil ya zaɓa don kada su cinye masa kuɗin intanet, tun da masu saye a waya suke ji, ba sa bambancewa. Ana matse waƙa ne ta hanyar zubar da wani abu daga cikinta, kuma kiɗan da mutum 17 ke yi a lokaci guda shi ya fi jin jiki. Ya nuna mini lambar da ke gefen kowane fayil, nasa na farko 64 ne, ya sake nemo masu 192 zuwa sama inda suka samu. Na 1947 dai ba yadda za a yi da shi, tsufansa a jikinsa yake, kuma ni ina son wannan ƴar ƙura. Amma ko fayil ya yi kyau, kada a ji torombon ta lasifikar waya. Muryarsa a ƙasa take, ƴar hudar nan ba ta iya fitar da ita.

Cakuɗewar ce ta fi ɗaukar lokaci. Ashe irin rediyona ba ya bin suna ko lamba, abin da aka fara zubawa shi yake fara yi. Don haka ya zauna yana tura su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da takarda ina kiran shekara, tun bayan azahar har aka kira la'asar, yana tsayawa ya miƙa wa wani wayarsa ya dawo. Fayil 41. Ban san wani mai turi a garin nan da zai yi wa tsoho haka a kan jika 1 ba.

Yanzu in na kunna daga farko, rayuwarta ce ke wucewa a jere, har da wuraren da ta yi shiru. Bayan 1947 katin ya yi tsalle zuwa 1956. A tsakanin nan ta bi Billie Holiday yawon kiɗa a kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta fi tsanani, jama'a ba su fito ba, kuɗi suka ƙare a hanya. Ta dawo ta ajiye ƙarfen, ta kama aikin ofis a hukumar ilimi ta Los Angeles, har tana fitowa cikin taron ƴan cike-gurbi a finafinai. Daga baya ta faɗi da bakinta irin wulaƙanci da cin zarafin da mace ita kaɗai ke gani a motar maza a kan hanya. Da Gillespie ya kira ta ta dawo, wasu a ƙungiyar suka yi ta gunaguni a kan don me za a ɗauko mace tun daga Kalifoniya. Bai yi musu da su ba. Ya sa aka raba musu takardun kiɗan da ta rubuta, aka fara, ba su yi nisa ba suka sarƙe. A katina lamba 6 ita ce My Reverie, wadda aka gina a kan wani kiɗan Debussy na Faransa, ita ta tsara kuma ita ke busawa. Ba ta gaggawa, ba ta nuna gwaninta. Takan ja murya ɗaya ta riƙe ta har sai ka ji kana jiran numfashinta. Na fi maimaita wannan a kan duk sauran.

Na Quincy Jones guda 4 ne. Da ƙungiyarsa ta je Turai a ƙarshen 1959 da wani wasan dandamali, wasan ya mutu a Faris, suka yi watanni suna yawo daga gari zuwa gari don su ci abinci. Mata biyu ne a cikinsu, ita da Patti Bown mai piyano.

Sai Uhuru Afrika, abin da ya fito da ni daga gida. An ɗauke shi a New York a watan Nuwamba na 1960, wata 3 bayan mun karɓi ƴancin kanmu ranar 3 ga Agusta, a shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka samu nasu. Weston ne ya ƙirƙiri kiɗan, Langston Hughes ya rubuta baitocin, Babatunde Olatunji na Najeriya yana cikin masu ganguna, Melba ce ta raba wa wannan taro duka aikinsu. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta shi a 1964. Na yi shekara da shekaru ban ji shi ba, amma da ganguna suka gama share fage, ƙarafan suka shigo a tare daga ƙasa, na tarar bakina ya riga su. Warin fitilar kananzir na ɗakin nan na ƙauye har ya dawo mini a hanci. A faifan da ya biyo, Highlife na 1963, bayan Weston ya je Legas, akwai Niger Mambo ta Bobby Benson. Yaron da ya ga sunan ya yi tsalle ya ce tamu ce. Na ce mutumin Legas ne ya yi ta. Ya ce ko ma na ina ne, shi dai ya riƙe ta, kuma ranar nan sau 3 ƴan kabukabu suka ji ta a lasifikarsa.

Daga 1973 katin ya sake tsalle, wannan karon har 1991. A 1973 ta tafi Jamaika ta yi shekara 6 tana koyarwa a makarantar kiɗa ta Kingston, ta dawo a 1979 ta kafa ƙungiyarta. A 1985 shanyewar ɓarin jiki ta same ta, hannun da ke tura-jawo ya ƙi. Busa ta ƙare daga nan. Rubutu bai ƙare ba, ta koyi yin sa da kwamfuta, kuma duk abin da ke ƙarshen katina daga kujerar jinya ya fito. A faifan 1993, Volcano Blues, sunanta yana goshi kafaɗa da kafaɗa da na Weston. Ta rasu a Los Angeles ranar 23 ga Afrilun 1999. Da na kai nan a labari yaron ya dafa tsagaggen gilashinsa ya ce, "Da irin wagga?" Na ce tata ma ba ta kai wannan ba, ta wancan zamanin ce.

Akwai abin da ke ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Daga jika 4 ɗina ko tamma ba za ta isa ga magadan waɗannan mutane ba. Na sani, shi ma ya sani. Matar da aka yi ta cin guminta ba suna, ga ni nan ni ma na shiga layi. Sai dai ban san shagon da zan shiga a Maradi, ko Katsina ma, in ce a ba ni faifanta na asali ba.

Wanda zai je, ya je da hantsi kafin rumfar ta cika, kuma ban da Juma'a. Ya rubuta abin da yake so a takarda da manyan baƙaƙe, da shekara in ya sani. Ya sa a gwada katin. Ya zauna ya saurari farkon kowane fayil kafin ya tashi, ko da maigidan yana hararar kujerar. In an ce gobe, ya kira kafin ya hau kabukabu.

Shekaranjiya na biya ta wurin sayen batir, ya karɓi katin ya ce minti 10. Ashe sunayen fayil ɗin ya bi ya gyara, duka 41, ya sa nata a gaba kafin na Gillespie da Weston da sauran. Ban sa shi ba, bai kuma karɓi komai ba. Ban iya gaya masa cewa gilashin rediyona lamba kawai yake nunawa ba. A wayar jikata ake gani, ita kuma tun jiya ta tafi da katin wai za ta kwafa, har yanzu amaryar tawa ba ta dawo da shi ba.